John Madden: kocin da ya ajiye aiki yana ɗan shekara 42 ya koma koyar da ƙwallo a talabijin

Ranar 4 ga Janairun 1979 wani ƙaton mutum ya tsaya gaban 'yan jarida a Oakland ta jihar Kalifoniya ya ce shi fa ya gama, ya ajiye aikin koci kuma ba zai sake komawa ba. Shekararsa 42 kacal. Babu wanda ya kore shi, ƙungiyarsa ma lafiya lau take, shekara biyu kafin nan shi ya ɗaga kofi mafi girma a ƙasar. Sunansa John Madden, kocin Oakland Raiders, ƙungiyar ƙwallon ƙafar Amurka. To irin wannan maganar duk mai bin wasanni ya san yadda take ƙarewa, koci ya ce ya yi ritaya, bayan shekara ɗaya a turo masa kwantiragi mai tsoka sai ka gan shi ya dawo bakin fili yana ɗaga jijiyar wuya. Shi kam bai dawo ba har ya bar duniya. Ya koma ɗakin sharhi na talabijin ya yi shekara 30 a ciki, ninki uku na shekarun da ya yi yana babban koci, har ta kai yaran Amurka da yawa sun san muryarsa ba su san ya taɓa horar da kowa ba.

Ga wanda bai taɓa kallon wasan ba, bari in ɗan warware shi, don in ba a gane wannan ba sauran labarin ba zai zauna ba. Abin da Amurkawa ke kira ƙwallon ƙafa ba tamaula ba ce irin wadda muka sani, ya fi kama da zari-ruga, ita kanta ƙwallon doguwa ce kamar gwanda, da hannu ake ɗauka a ruga ko a jefa. Mutum 11 kowane ɓangare. Ƙungiyar da ke riƙe da ƙwallo ana ba ta dama 4 ta matsa gaba yadi 10, in ta samu a sake ba ta wasu 4, in ta kasa ƙwallo ta koma hannun abokan karawa. Kowace dama ba ta wuce 'yan daƙiƙoƙi, a yi karo a zube, alƙalin wasa ya busa, kowa ya tashi ya kakkaɓe jiki ya koma ya ji sabon tsari. Shi ya sa wasan da agogo ya ce minti 60 ne sai ya cinye awa uku. Ka riƙe wannan tsaye-tsayen a ranka, a cikinsa abincin Madden yake.

An haife shi ranar 10 ga Afrilun 1936 a Austin ta jihar Minnesota, babansa bakanike ne, suka koma Daly City kusa da San Francisco yana yaro. Ya buga wa jami'ar Cal Poly a matsayin ɗaya daga cikin ƙattin da ke jeruwa a layin gaba suna ture mutane, aikin da babu mai tafa wa mai yinsa. A 1958 Philadelphia Eagles suka ɗauke shi can ƙurya, mutum na 244 a jerin waɗanda aka zaɓa, kuma tun a sansanin atisaye gwiwarsa ta lalace, ko wasa ɗaya bai buga a babbar gasar NFL ba. Amma wannan jinyar ce ta zama makarantarsa. In ya fito daga wajen masu duba gwiwa sai ya tarar da Norm Van Brocklin, mai jefa ƙwallo na ƙungiyar, zaune cikin ɗaki mai duhu yana kallon fim ɗin wasanni yana mayar da shi baya yana sake kallo, shi kuma Madden ya samu wuri ya zauna yana saurare. A nan ya fara ganin wasan gaba ɗayansa, mutum 22 a lokaci guda, maimakon mutum ɗayan da ke gabansa.

Karatun da ya yi a jami'a kuma na koyarwa ne, digiri na farko a 1959 na biyu a 1961, duk a fannin ilimi. Ni a ganina wannan ne mabuɗin lamarin duka, mutumin malamin makaranta ne da ya faɗa harkar ƙwallo. Akwai labarin da shi kansa ya sha bayarwa, cewa yana matashin koci yana ji da kansa ya je wani taron ƙara wa juna sani na Vince Lombardi, shahararren kocin Green Bay Packers, ya zauna a baya yana ganin ai babu abin da za a faɗa masa, sai ga Lombardi ya yi awa 8 cur yana bayanin tsarin wasa guda ɗaya tak. Ya fito yana cewa ashe bai san komai ba.

Ya fara koci a ƙaramar kwalejin Allan Hancock a 1960, ya wuce San Diego State ƙarƙashin Don Coryell, a 1967 Al Davis, shugaban ƙungiyar Raiders, ya jawo shi can a matsayin mataimaki, a Fabrairun 1969 ya zama babban koci yana ɗan shekara 32. Raiders ɗin wancan lokacin kuwa taron 'yan ta-kife ne, waɗanda wasu kulob suka gaji da halinsu suka sallama, masu gemu da dogon gashi da yawon dare, ga Ken Stabler mai jefa ƙwallo da hagu, ga Gene Upshaw da Art Shell a layin gaba, ga Fred Biletnikoff, ga Jack Tatum da ake tsoron karo da shi. Wasu kociyoyin zamanin har tsayin gashi da irin rigar da za a sa a jirgi suke yankewa. Madden dokarsa uku ce kawai: ka zo kan lokaci, ka mai da hankali in ana magana, ranar wasa kuma ka buga kamar ranka zai fita. Sauran rayuwarka kai ta shafa.

Kuma abin ya yi aiki, sai dai kofin ya yi ta ba shi wahala. Sau 5 yana kaiwa wasan da daga shi sai fainal ana fitar da shi, 1969 da 1970 da 1973 da 1974 da 1975, biyun ƙarshe duk a hannun Pittsburgh Steelers. Ga kuma na Disambar 1972 da ya fi ci masa rai, saura daƙiƙoƙi a tashi Raiders na gaba da 7 da 6, ƙwallo ta daki mutum ta yi baya, Franco Harris na Steelers ya cafe ta gab da ƙasa ya ruga da ita har gida, aka tashi 13 da 7. Har tsufansa in an taɓo maganar nan ransa ɓaci yake. Aka fara cewa mutumin nan ya iya cin ƙananan wasanni amma babba ta fi ƙarfinsa. Sai kakar 1976 ta zo, wasa 14 suka ci 13, suka kawar da Steelers ɗin da 24 da 7, ranar 9 ga Janairun 1977 a filin Rose Bowl na Pasadena suka lallasa Minnesota Vikings da 32 da 14 a fainal ɗin da ake kira Super Bowl, 'yan wasansa suka ɗaga shi a kafaɗa duk nauyinsa.

To me ya kore shi bayan shekara biyu? Abin da ya faɗa shi ne olsa da gajiya, ya ba aikin duk abin da yake da shi babu saura. Yana da 'ya'ya maza biyu da suka girma kusan bai gani ba. Sannan akwai abin da ya faru ranar 12 ga Agustan 1978 a wasan share fage da New England Patriots, wasan da ko maki ba a lissafawa, Jack Tatum ya yi karo da Darryl Stingley, Stingley ya karye a wuya, bai sake tafiya da ƙafarsa ba har rasuwarsa. Stingley ɗan wasan abokan hamayya ne, amma Madden ne ya riƙa zarya asibiti yana zama a gefen gadonsa, shi da matarsa Virginia suka riƙa kula da iyalinsa a Oakland. Ba zan ce wannan ne ya sa ya ajiye aiki ba tunda dalilan da ya bayar daban ne, amma wata biyar ne tsakanin abubuwan biyu. Ya tafi da tarihin cin wasa 103, faɗuwa 32, canjaras 7, bai taɓa yin kakar da faɗuwarsa ta fi cinsa yawa ba, kuma a cikin kociyoyin NFL da suka ja ragamar wasa 100 ko fiye babu wanda ya kai shi yawan ci in aka auna da kaso, wajen kashi 76 cikin 100.

A 1979 ɗin ya shiga tashar talabijin ta CBS, da ƙananan wasanni aka fara gwada shi. Tsarin sharhin nasu mutum biyu ne a ɗaki, ɗaya yana faɗin abin da ke faruwa, wane ya jefa wane ya cafe yadi kaza, ɗayan kuma in an tsaya ya faɗi dalilin da ya sa hakan ta faru. A tamaula mai sharhi na biyu sai ya saci lokaci don ƙwallo ba ta tsayawa, a nan kuwa bayan kowace dama akwai kusan rabin minti da babu abin da ake yi, fiye da sau ɗari a wasa guda. Kafin Madden yawanci tsofaffin 'yan wasa ne ke cike gurbin da labarin zamaninsu ko su maimaita maka abin da idonka ya riga ya gani. Shi sai ya ɗauki aikin kamar har yanzu koci ne: ya isa garin da za a yi wasa kwanaki kafin ranar, ya je wajen atisaye, ya zauna da kociyoyi da 'yan wasa yana tambaya, ya kalli fim ɗin wasanninsu na baya, har masu riƙe kyamara da masu haɗa shiri yakan zaunar ya koya musu inda ya kamata su duba. Yau duk tashoshin haka suke yi, kamar dama can haka abin yake.

A 1981 aka haɗa shi da Pat Summerall, tsohon mai bugun ƙwallo da ƙafa na New York Giants, mutum mai tsumulmular magana, kalma uku huɗu ya yi shiru. Madden kuwa kamar an ɓalle famfo, hannu na yawo, jimla ba ta ƙarewa ya shiga wata, in aka yi karo mai ƙarfi sai ka ji ya ce bum! Ɗaya ya zuba ɗaya ya tsane, haka suka yi shekara 21 tare, Super Bowl 8 suka gabatar su biyu.

Sai kuma alƙalamin nan. Akwai wata na'ura da ke ba mai sharhi damar zane a kan hoton da ke sikirin, ba shi ya ƙirƙiro ta ba, amma a hannunsa ta yi suna, musamman daga Super Bowl na Janairun 1982 da San Francisco 49ers suka ci Cincinnati Bengals 26 da 21, wasan da kusan rabin gidajen da ke da talabijin a Amurka suka kalla. A tsayar da hoto, Madden ya zagaye wani ƙato mai lamba sittin da wani abu wanda ko sunansa ba ka sani ba, ya ja kibiya ya ce ku kalli wannan, zai ture wancan zuwa nan, ga ramin da zai buɗe, sai a saki hoton ka ga mai ƙwallo ya bi ta ramin nan daidai. Kai da kake zaune a falo ka ji kamar kai ka gano. Allo da alli ne kawai na aji aka mai da su na lantarki. Kuma da yake shi ma a layin ƙattin ya taso, su ya fi so, masu taɓo a riga da jini a gwiwar hannu, a 1984 ma ya fara fitar da jerin gwanayensa na shekara da ake kira All-Madden, wanda 'yan wasa da yawa ke alfahari da shiga cikinsa.

In wasa ya mutu kuma, wato an riga an san mai ci, sai ya koma wasa da alƙalamin. A Super Bowl na Janairun 1987 da Giants suka ci Denver 39 da 20, sai ya hau zagaye bokitan lemon da 'yan wasa ke shirin juye wa kocinsu Bill Parcells, yana bayanin wai wannan uban bokiti ne, wannan uwa, ga ɗansu ƙarami. Ranar bikin godiya na Amurkawa a watan Nuwamba kuwa, da ake buga wasa kowa na gida yana ci yana kallo, shi ya yayata wani girki na kaza a cusa cikin agwagwa, agwagwar a cusa cikin talotalo, duk an zare ƙashi, ya kuma riƙa raba wa gwanayen wasan cinyar talotalo a matsayin kyauta. Mutane da yawa wannan ɓangaren suke tunawa, barkwancin da ihun. Amma in da barkwancin ne kaɗai da ba a yi shekara biyar ba an gaji da shi.

Wani abin mamaki shi ne duk wannan yawon ba ya hawa jirgin sama. Yana koci yana hawa don dole, amma a 1979 a wani jirgi da ya taso daga Tampa tsoro ya turnuƙe shi, ya sauka bai ƙara shiga ba. Shi ya ce matsalarsa ƙuntataccen wuri ne da an rufe ƙofa, ko da yake mutane kan haɗa da hatsarin jirgin da ya kashe 'yan wasan Cal Poly 16 a Toledo ta jihar Ohio a Oktoban 1960, shekara biyu bayan ya gama buga wa makarantar. Da farko jirgin ƙasa yake bi, daga 1987 kamfanin Greyhound ya ba shi bas ta musamman mai gado da banɗaki da wajen kallon fim. Daga New York zuwa gidansa a Kalifoniya ya haura kilomita 4,500, wato Kano zuwa Legas sau huɗu da ɗoriya, kwana biyu ana tafiya. Wasan taurari da a lokacin ake yi a Hawaii bai taɓa zuwa sharhinsa ba, bas ba ta ratsa teku. Matarsa Virginia kuwa har lasin tuƙa jirgi ta yi, ka ji ikon Allah.

A cikin jirgin ƙasan ne ma a 1984 Trip Hawkins mai kamfanin Electronic Arts ya same shi da maganar gem na kwamfuta, kamfanin nan dai da ya yi FIFA da yaranmu ke bugawa a shagunan gem. Masu haɗawa suka ce kwamfutocin lokacin ba za su ɗauki mutum 22 a sikirin ba, a yi shida-shida ko bakwai-bakwai. Madden ya ce in ba 11 da 11 ba ne to ba ƙwallo ba ce kuma ba da sunansa ba. Wannan taurin kan na cikin abin da ya ja aikin har 1988 kafin ya fito a kwamfutar Apple II, na Sega ya biyo a 1990, daga nan ya zama ɗaya daga cikin gem ɗin wasanni mafi ciniki a Amurka. Shi a matsayin kayan koyarwa ya ɗauke shi. An kuma yi masa tayin sayen hannun jarin kamfanin tun yana araha ya ƙi, daga baya da bakinsa ya ce bai taɓa wauta irin wannan ba.

Darajarsa ta fito fili a ƙarshen 1993 lokacin da Fox ta Rupert Murdoch, tashar da a lokacin ake wa kallon ƙaramar yarinya, ta zuba dala biliyan 1.58 na shekara 4 ta ƙwace wasannin daga hannun CBS. Ta sayi wasa amma tana buƙatar muryar da za ta sa a yarda da ita, sai ta ɗauko Madden da Summerall, rahotanni suka ce wajen dala miliyan 8 a shekara take biyansa, kuɗin da ya fi albashin kowane ɗan wasan NFL na lokacin. Mai magana a kan wasa ya fi mai buga wasan samu. Daga Fox ya koma ABC a 2002 tare da Al Michaels, ya ƙare a NBC daga 2006, ya zama ya yi wa manyan tashoshin ƙasar huɗu duka aiki, Super Bowl 11, kyautar Emmy ta gwanayen talabijin 16.

Ba wai ba shi da abin suka ba. A shekarunsa na ƙarshe an yi ta tsokanarsa da cewa yana faɗin abin da kowa ya sani, masu barkwanci suna kwaikwayon muryarsa da yadda ba ya gajiya da yabon Brett Favre, wani mai jefa ƙwallo. Wadda ta fi nauyi a wajena ita ce maganar karo. Mutumin da ya zauna a gefen gadon Stingley shi ne kuma ya yi shekaru yana sa wa miliyoyin mutane daɗin karo mai ƙarfi da bum ɗinsa, a wasan da daga baya likitoci suka nuna yadda bugun kai a kai a kai ke lalata ƙwaƙwalwar 'yan wasa. Bayan ya yi ritaya ya shiga kwamitin NFL na kare lafiyar 'yan wasa, kuma a gem ɗin da ya fito a 2011 an sa duk ɗan wasan da ya bugu a kai a fitar da shi ba zai dawo wasan ba, da goyon bayansa. Ya gyara abin da ya iya, amma an makara.

A 2006 aka shigar da shi zauren gwarazan wasan da ke Canton ta Ohio, a matsayin koci, Al Davis ne ya gabatar da shi, a jawabinsa har yake cewa shi ya yarda in dare ya yi an kashe fitila gumakan kawunan da ke zauren hira suke da junansu. Wasansa na ƙarshe shi ne Super Bowl na 1 ga Fabrairun 2009, a Afrilu ya ce ya isa haka, yana da shekara 73, aurensa na cika 50, ga jikoki. Ya rasu ranar 28 ga Disambar 2021 yana da 85, kwana uku bayan Fox ta nuna shiri na musamman a kan rayuwarsa.

Akwai dare ɗaya da nake yawan komawa in kalla. 3 ga Fabrairun 2002 a New Orleans, wasansa na ƙarshe a Fox tare da Summerall, New England Patriots da St. Louis Rams 17 da 17, saura minti 1 da daƙiƙa 21, Patriots na can ƙuryar gidansu ba su da sauran damar tsayar da agogo, mai jefa musu ƙwallo kuma wani yaro ne ɗan shekara 24 da aka ɗauka a matsayi na 199. Madden ya faɗa wa duk Amurka cewa shi a ganinsa su lallaɓa kawai agogo ya ƙare a tafi ƙarin lokaci, kada yaron nan ya yi kuskure. Yaron ya yi ta jefa gajeru gajeru har ya kai su inda Adam Vinatieri, mai buga musu ƙwallo da ƙafa, ya buga daga yadi 48 ta shiga, aka tashi 20 da 17. Madden bai tsaya kame-kame ba, a take ya ce abin da yaron ya yi ya sa tsigar jikinsa tashi. Yaron shi ne Tom Brady, wanda tun 2024 yake zaune a kujerar babban mai sharhi ta Fox ɗin nan, a kan kwantiragin da aka ruwaito dala miliyan 375 ne na shekara 10.